Baba Altine da Tudun Tungar Ladan

Akwai wata Talata da har gobe ba za ta fita raina ba, ranar da maigadin asibitinmu ya koya mini yadda ake hawan tudu da keke. Tunda an ce in yi muku magana, ku da kuka kama aiki bana, labarinta zan ba ku, don na fi ƙaruwa da ita a kan tarurrukan bita da yawa da na zauna.

Sunana Nura, ni mutumin Gummi ne. A lokacin ina matakin albashi na takwas, ma'aikacin lafiya na al'umma, kuma ni ke riƙe da sashen rigakafi a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Gwashi, cikin ƙaramar hukumar Bukkuyum. Shugabarmu ita ce Hajiya Asabe, mace marar yawan magana da ta daɗe a aikin. Can ƙasan jerin sunayen ma'aikata akwai Baba Altine, maigadi, mataki na biyu, dattijo siriri mai furfura wanda ya kusa ajiye aiki. Abin da na sani game da shi bai wuce yana buɗe ƙofa, yana share haraba, yana ɗebo mana ruwa ba. Shekara uku muna tare, ban taɓa zama na yi hira da shi ba bayan gaisuwa.

Shekarar da aka rufe layukan waya ce saboda matsalar tsaro, aka kuma taƙaita sayar da mai da zirga-zirgar babura. Babur ɗin asibiti na jingine a sito, tankinsa a bushe. Ƙarshen damina ne, gero ya nuna, ruwa ya zaizaye hanyoyi.

Ranar Litinin bayan azahar wani mutum ya iso a ƙasa daga Tungar Ladan, wani ƙauye da ke bayan duwatsu. Mai unguwarsu ne ya aiko shi. Ya ce ƙyanda ta shiga rugar Fulani da ke maƙwabtaka da su, har an rasa yarinya ɗaya, iyaye mata kuma hankalinsu ya tashi. Muka duba rajista, muka ga an daɗe ba a je tungar rigakafi ba, saboda halin da hanya ke ciki. Hajiya ta ce lallai gobe a je.

Bari in yi bayani don waɗanda ba su riƙe sashen rigakafi ba tukuna. Ruwan allurar ƙyanda ba ya son zafi. Daga firjinmu mai aiki da hasken rana ake sa shi cikin akwatin sanyi, a zagaye shi da robobin ƙanƙara huɗu. Kowace kwalba ta yara goma ce. A kanta akwai wata 'yar alama, fili mai kusurwa huɗu a cikin da'ira. Muddin filin ya fi da'irar haske, maganin na da kyau. Da zarar ya yi duhu kamar ita, ya lalace, sai zubarwa. Wato duk wanda ya ɗauki akwatin nan, tsere yake yi da rana. Ga kuma sharaɗin da Hajiya ta kafa saboda tsaro: a fita bayan gari ya waye sarai, a dawo kafin la'asar ta yi sanyi.

Na aro keke mai giya wurin hedimastan makarantar da ke kusa da mu. Rabona da keke tun ina sakandare, kuma ƙasarmu ta Gummi shimfiɗaɗɗiya ce, ban taɓa hawan tudun kirki ba. Amma ina da shekara talatin da ɗoriya, ina buga ƙwallo, ina jin ƙarfi a jikina. Da Hajiya ta ce Baba Altine zai raka ni da tsohon baƙin kekensa marar giya, sai na ji abin bai yi mini ba.

Na ce, "Hajiya, tsoho ne fa. Zai ja ni baya, ƙanƙara kuma ba ta jira."

Ta ce, "Na ji. Da shi za ka."

Da safe na ɗaure akwatin a kariyar bayan keke, na shiga sa hannu a littafin fitar da magani: kwalba biyar da ruwan haɗinsu. Ina fitowa na tarar Baba ya kwance ɗaurina. Ya turo akwatin gaba har ya manne da sirdi, ya sake ɗaure shi da roba a gicciye.

Ya ce, "Malam, wanga ɗauri naka ba ya hawa tudu. In kaya sunka yi baya, gaban keke na tashi sama."

Ya kuma durƙusa ya rage wa tayoyina iska kaɗan, ya ce taya mai tauri zamewa take yi a kan tsakuwa. Ni dai agogo nake dubawa. Shi ya ɗauki jakar sirinji da rajista da kwalin zubar da allura, muka kama hanya.

Tafiyar farko cikin gonaki ce, na bar shi a baya nesa, ina jin daɗin kaina. Can muka iso tudu na farko. Ba shi da tsawo sosai, amma a miƙe yake, ruwa ya kware ƙasarsa ya bar tsakuwa. Na tattaro gudu tun daga nesa, na afka masa da babbar giya. Kafin in kai rabi gudun ya ƙare, ƙirjina ya ɗauki wuta. Na miƙe tsaye kan feda ina dannawa da dukan nauyina, sai tayar baya ta fara juyawa a banza tana watsa tsakuwa. Na tuna da giya, na murɗa ta ina cikin dannawa. Sai na ji ƙas! Ƙafata ta tafi ƙasa ba komai a ƙarƙashinta. Sarƙa ta tsinke. Keke ya kwanta da ni, murfin akwatin ya buɗe, kwalba ɗaya ta gangaro ta bugi dutse ta fashe a gaban idona.

Na rufe akwatin da sauri, na zauna a ƙasa, gwiwata na jini. Daga nan na hango Baba yana tahowa. Yana zaune daram a kan sirdi, yana karkata dama, ya karkata hagu, yana yanka hanyar a gicciye kamar maciji, ƙafafunsa na juyawa a hankali ba tsayawa. Ya wuce ni, sai da ya kai sama ya jingine kekensa, sannan ya gangaro da ƙafa.

Bai fara ta kaina ba. Akwatin ya kwance ya kai inuwar wani kalgo, ya rufe shi da rigarsa ta sama. Sannan ya ce, "Sannu, Malam. Ƙashi lahiya?"

Na ce lafiya, amma kwalba ɗaya ta fashe, sarƙa kuma ta tsinke. Na ce ina ganin sai dai mu koma, mu sake shiri gobe.

Ya ce, "Mu koma mu ce ma uwayen ɗiya mi?"

Ya zaro ƙusa daga aljihu, ya samo duwatsu biyu, ɗaya faffaɗa ɗaya na bugu. Ya fitar da gaɓar da ta lalace, ya haɗa bakin sarƙar, ya buga 'yar ƙusarta ta koma, ya lanƙwasa wurin da hannu har ya saki. Ya ce ta ɗan gajarce, kada in sake kai ta babbar giya, dama ba ni da buƙatarta. Ni kuma na wanke gwiwata na ɗaure. Mun ɓata kusan rabin awa, rana ta fara cizo.

Da muka tura zuwa sama, sai na ga abin da ke gabanmu. Tudu na biyu ya ninka wannan sau da yawa, hanyar na nannaɗe da jikin dutse har ta ɓace. Na ce masa wannan sai dai turawa. Ya girgiza kai, ya ce in muka tura keke da kaya, sai azahar za mu isa, ba mu gama aiki mu dawo kan lokaci. Ya miƙo mini gorar ruwa.

"Sha yanzu. Tsakar tudu ba wurin shan ruwa ba ne. Ka yarda in gaya maka magana, Malam?"

Na ce, "Baba, faɗi. Ina ji." Karo na farko ke nan da na faɗa masa haka.

Ya ce kuskurena na farko gudun da na tattaro. Ƙarfin da ya kamata ya kai ni sama, na zubar da shi a gindin tudu. Ya ce a shiga tudu da saurin da mutum ya san zai iya riƙewa har ƙarshe, ko da ya ji kamar wasa yake yi. Ya ce shi bai taɓa mallakar keke mai giya ba, amma ya san sarƙa: ba a canza mata wuri tana ɗauke da nauyi. In sa mai sauƙi tun kafin hanya ta miƙe, in kuwa dole ta sa zan canza a tsaka, in sassauta ƙafa tukuna. Ya dafa sirdina.

"Ka zauna nan, kada ka tashi. Nauyinka shi ka danne tayar baya ta kama ƙasa. Da kat tashi tsaye, ai ka ga abin da tay yi."

Muka hau. Na sa ƙaramar giya, ƙafafuna na juyawa da sauƙi har ina jin kunya, keke na tafiya kamar mai ƙafa zai wuce mu. Baba na gefena, ɗan baya kaɗan. Da hanya ta fara miƙewa, sai ya ce in sassauta riƙon kan keken, na shaƙe shi kamar zai gudu. Na duba, ashe yatsuna har sun yi fari. Ya ce in sauke kafaɗu, in ɗan sunkuyo gaba, in bar ƙafa ta yi aikin. Ya ce kada in riƙa sara feda kamar mai faskare, in zagaya da ita, wannan ƙafa na sauka waccan na tashi.

Can ya ce, "Malam, wai mi ya sa ruwan allurag ga ba ya son zahi?"

Na yi mamakin tambayar a wannan wuri. Na fara yi masa bayani, cewa ƙwayar cutar ce aka raunana ta, jiki ya gan ta ya koyi yaƙi da ita, zafi kuma kashe ta yake yi gaba ɗaya ta zama ba amfani. Ina cikin magana numfashi ya fara yanke mini kalmomi.

Ya ce, "To rage. Duk sa'ad da ba ka iya kai magana ƙarshe, ka yi sauri da yawa."

Ashe auna ni yake yi. Na rage, numfashina ya dawo, na ƙarasa bayanin. Ya ce shekara da shekaru yana ganin ana wucewa da akwatin nan ta ƙofarsa, yau ya san abin da ke ciki.

Muka iso inda hanyar ta fi miƙewa. Na ɗaga kai na hango sama, na ga da sauran tafiya. Ya ce in daina kallon can, in dubi wani farin dutse da ke gabanmu kamar taku ashirin, nan kawai za mu. Da muka kai dutsen ya ce ga kututture can. Daga kututture sai wata geza. Haka ya yanyanka mini tudun gunduwa-gunduwa. A wuri mafi tsanani ya shiga gabana ya ce in bi sawun tayarsa, muka riƙa yanka hanyar dama da hagu. Tafiyar ta ƙara tsawo, amma nauyin ya ragu. Ina jin numfashinsa, ina ganin jijiyoyin ƙwaurinsa, mutumin da ya girmi mahaifina, a kan keke mai giya ɗaya tak.

Da na ga hanya ta fara kwanciya, sai na yunƙura zan ƙara wuta. Ya ɗaga hannu.

"A'a! Wanga ba shi ne ƙarshe ba. Akwai saura bayan kwana. Huta bisa keke, kada ka sauka."

Muka bi wurin a hankali, ƙafa na juyawa ba ƙarfi, cinyoyina suka ɗan saki. Muna shan kwana kuwa sai ga sauran tudun, gajere amma a tsaye. Da na zubar da ƙarfina a baya, nan zan sake faɗuwa. Cinyata ta dama ta fara ɗaurewa. Na ce, "Baba, ƙafata." Ya ce in matsa baya kaɗan a kan sirdi, in sauke diddige, in riƙa ƙirga juyi tare da shi. Muka ƙirga goma, muka sake goma. Ban san sau nawa muka sake ba. Sai kawai na ji feda ta yi sauƙi, iska ta bugi fuskata, ga rufin bukkokin Tungar Ladan a ƙasa, ga mata sun taru ƙarƙashin wata tsamiya.

Ko a gangara bai bar ni ba. Ya ce in riƙa taɓa birkin baya ina saki, kada in damƙe na gaba a kan tsakuwa.

Mai unguwa ya tarbe mu, aka shimfiɗa tabarma. Na buɗe akwatin. Ƙanƙara ta narke saura kaɗan, amma robobin da sanyinsu. Na ɗaga kwalabe huɗun ɗaya bayan ɗaya, alamar kowace fara tas. Na ce alhamdu lillahi a fili. Na fara aiki, ina haɗa kwalba ɗaya sai ta ƙare in buɗe wata, don wadda aka haɗa ba ta wuce awa shida. Baba ya tsaya yana jera mata, yana lallashin masu kuka, yana yi wa matan ruga magana da Fulatanci, harshen da ban ma san yana ji ba.

Kwalba ta huɗu na ƙarewa sai ga wata tsohuwa, Inna Hure, ta iso daga can ƙarshen rugar da jikokinta da 'ya'yan maƙwabta, su bakwai. Yarinyar da ta rasu jikarta ce. Ta zaunar da su a gabana, ta naɗe wa na farko hannun riga. Na dubi akwatin, babu komai. Da kwalbar nan ba ta fashe ba, da duk sun samu.

Ta ce, "Likita, nawa ɗiyan ne ba su da rabo?"

Na ce, "Inna, laifina ne. Na faɗi a hanya, maganinsu ya zube. Jibi in Allah ya yarda zan dawo da shi."

Ta dubi ɗaurin da ke gwiwata. Sannan ta ce, "Allah shi kawo ka." Ta sa aka kawo mana nono a ƙwarya. Na ba yaran ƙwayar bitamin, na gaya mata a raba su da masu ciwo, na rubuta sunayensu. Na sha nonon, muka kama hanyar gida.

Mun iso asibiti ana sallar la'asar. Doka ce duk kwalbar da ta lalace a rubuta ta da dalili. Baba ya ajiye jaka ya koma bakin ƙofarsa. Ni na shiga ofis na gaya wa Hajiya duk yadda aka yi. Ta ce in rubuta kamar yadda na faɗa, ta sa hannu. Sannan ta tambaye ni ko na san aikin da Baba Altine ya yi kafin gadi. Na ce a'a. Ta ce masinja ne, ya fi shekara ashirin yana kai takardu tsakanin Anka da Bukkuyum da Gummi da ƙauyukansu a kan keke, rani da damina, kafin babura su yawaita a mayar da shi bakin ƙofa.

Ta ce, "Hanya kowa na iya nuna maka. Saboda tudun na haɗa ku."

Ranar Laraba Baba bai iya taka ƙafarsa ba, gwiwa ta kumbura. Na je ɗakinsa na duba shi, na ba shi magani. Ashe tun daga tudu na biyu take damunsa, bai faɗa ba. Ya so ya bi ni ranar Alhamis, Hajiya ta hana. Na tafi ni kaɗai da kwalba ɗaya. Na tura akwatin har jikin sirdi, na sha ruwa a gindin tudu, na sa ƙaramar giya tun da wuri. Da ba wanda zan yi wa magana, sai na riƙa kiran sunayen yaran bakwai a fili don in auna numfashina. Ban sauke ƙafa ba ko sau ɗaya. Na tarar da Inna Hure ƙarƙashin tsamiya tun hantsi, yaran na zaune a jere. Duk suka samu. Ƙyanda ta taɓa wasu 'yan yara a tungar bayan haka, amma ba a sake binne yaro saboda ita ba a wannan kakar.

Da na dawo na wuce wurin Baba kai tsaye. Yana zaune a kan benci ya miƙe ƙafa. Na durƙusa na yi masa godiya, na kuma roƙe shi gafara, na gaya masa abin da na ce wa Hajiya a kansa ranar Litinin. Ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Ai na ji ka, taga na buɗe. Tashi, Malam. Ni ban san allura ba, kai ba ka san tudu ba. Ɗiya dai sun samu, shi ke nan."

Fom ɗin rahoton fita yana da gurbin sunan jami'i da na mai rubuta rajista, ba shi da gurbin maigadi. Na rubuta sunansa a gefen takardar da hannuna, Hajiya ta gani ta buga hatimi a kai. Ya ajiye aiki shekarar da ta biyo, ya koma gida Bukkuyum cikin jikokinsa. Duk sa'ad da na je karɓar magani a can, sai na biya na gaishe shi.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, aikin nan namu dogon hawa ne, kuma na ga masu ƙarfi da yawa sun shigo shi da gudu sun gaji a shekara biyu. Ku shiga da saurin da za ku iya riƙewa. In kun yi ɓarna ku faɗa da bakinku, ku koma ku gyara. Kuma a duk asibitin da aka tura ku, akwai mai shara ko maigadi ko direba da ya san abin da takardarku ba ta koya muku ba, kuma ba zai faɗa ba sai kun ba shi fuska. Gobe in kun isa wurin aiki, kafin ku shiga ofis, ku tsaya a bakin ƙofa, ku zauna a benci, ku tambayi dattijon da ke wurin aikin da ya yi kafin ya zo nan.